Tsakanin Tabarma da Wayar Salula: Wasan Kwaikwayon Tebur a Ma'aunin Damagaram

Daga cikin wasannin da suka fito daga ƙasashen Turawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, akwai wani nau'i da bai yi suna a ƙasar Hausa kamar ludo da karta da ƙwallon ƙafa ba, alhali kuwa shi ne ya fi kowannensu kusa da abin da Bahaushe ya gada na hira da tatsuniya da kwaikwayo. Ana iya kiransa wasan kwaikwayon tebur, domin mutum huɗu ko biyar ko shida ne ke kewaye tebur, kowannensu ya ɗauki matsayin wani mutum na ƙage, wanda za a kira tauraronsa, ya riƙa magana da yanke shawara a madadinsa, yayin da mutum guda, wato jagoran wasa, ke bayyana musu duniyar da suke ciki, da mutanen da suka haɗu da su, da abin da ya biyo bayan kowane mataki da suka ɗauka. Babu 'yan kallo, babu rubutaccen zance da ake haddacewa, kuma babu wanda ya san inda labarin zai ƙare, har shi jagoran, saboda a duk lokacin da tauraro ya nufi yin abin da ake shakkar yiwuwarsa, kamar haura ganuwa ko shawo kan mai tsaron ƙofa, ba a barin hukuncin ga son ran kowa, sai a jefa ɗan ludo. Wanda aka fi amfani da shi yana da fuska 20, ta yadda idan doka ta ce sai an sami 12 ko fiye kafin a yi nasara, fuska 9 ne daga cikin 20 ke bayar da ita, wato kashi 45 cikin 100, kuma kowa a wurin ya san haka tun kafin a jefa.

Asalin wannan wasa yana komawa ga atisayen yaƙi da hafsoshin sojan Prusiya, a ƙasar Jamus ta yau, suka karɓa a shekarar 1824 daga hannun wani hafsa mai suna Reisswitz, inda ake shimfiɗa taswira, ɓangarori biyu su riƙa bayar da umarni, wani alƙali na tsakiya kuma yana faɗin sakamakon kowane umarni. Daga wannan tushe ne masu sha'awar wasannin yaƙi a Amurka suka ci gaba, har Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Sauyin da suka kawo ƙarami ne a ido, amma shi ne ya haifi sabon fanni: maimakon ɗan wasa ya jagoranci runduna, sai ya zama mutum ɗaya tal mai suna da hali da rauni, wanda ke rayuwa daga wannan zama zuwa wancan, wani lokaci har shekaru. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards of the Coast a 1999, kuma bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, shi ne ya kai shi ga jama'ar da ba su taɓa jin labarinsa ba.

Tun kafin intanet, mutanen da nisa ya raba sun nemi hanyar yin irin waɗannan wasanni ba tare da sun haɗu ba. A 1963 wani Ba'amurke mai suna John Boardman ya fara gudanar da wasan Diplomacy ta gidan waya, kowane ɗan wasa ya aiko da umarninsa a wasiƙa, a tattara, a buga sakamakon, a mayar musu. Da intanet ta zo sai abin ya rabu gida biyu. Akwai masu haɗuwa a lokaci guda ta murya ko bidiyo, suna amfani da manhajoji irin su Roll20, wadda ta fito a 2012, da Discord, wadda ta fito a 2015, kuma waɗannan sun ƙaru ƙwarai a 2020 lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu. Akwai kuma masu yi a rubuce, bi da bi, inda jagora ke rubuta halin da ake ciki, kowane ɗan wasa ya amsa a lokacin da ya sami sarari, yau ko gobe ko jibi. Na farkon zaman tebur ne da aka miƙe ta waya, don haka bambancinsa da asalin bai da yawa. Na biyun shi ne ya cancanci a auna shi da zaman ido da ido, domin ya taɓa abin da wasan ya ginu a kansa, wato kasancewar mutane tare a lokaci ɗaya.

Birnin Zinder, wanda mutanensa suka fi kira Damagaram, wuri ne da ya dace a yi wannan awo, ba don wasan ya yaɗu a cikinsa ba, sai don kowane sashe na wasan yana da ɗan'uwa a al'adun garin tun da daɗewa. Tatsuniya ce ta farko. Mai tatsuniya ba ta fara labari sai ta yi kira an amsa mata, kuma wannan amsa ba ado ba ce, alƙawari ne cewa masu sauraro sun shigo cikin labarin kuma za su raka shi har a rufe. Yara suna katse ta da tambaya, suna kama waƙar da ke cikin labarin, suna yi mata gyara idan ta sauya abin da suka saba ji game da Gizo ko Ƙoƙi, ita kuma tana tsawaitawa ko taƙaitawa gwargwadon yadda ta ga barci ya fara ɗaukar ƙananan. Wannan ita ce sana'ar jagoran wasa ba ragi, illa dai a tatsuniya ragamar labarin tana hannun mutum ɗaya, a wasan tebur kuwa an rarraba ta.

Na biyu shi ne wasan kara, bikin da Zinder ta yi suna da shi, wanda a cikinsa talakawan gari ke ɗaukar matsayin sarakuna da manyan gwamnati da hafsoshin soja, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu da yadda ake yi musu rakiya, da kayan aiki da aka ƙera da karan hatsi. Yana da dangi a sauran ƙasar Hausa, kamar kalankuwa, inda samarin ƙauye ke naɗa wa junansu sarautu bayan kaka, da wasan gauta, wanda matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Abin lura a nan shi ne duk wanda ya shiga ya yarda da wata doka ta ɗan lokaci, wadda a ƙarƙashinta mai sayar da goro zai iya zama gwamna a gaishe shi da gaisuwar gwamna, kuma da zarar an tashi kowa ya koma matsayinsa ba tare da an riƙe shi da abin da ya faɗa ba. Masana wasannin tebur sun daɗe suna rubutu a kan wannan iyaka da ke raba cikin wasa da wajensa, mutanen Damagaram kuwa sun daɗe suna aiki da ita a bainar jama'a, a gaban waɗanda ake kwaikwayo.

Na uku ya fi sauran kusa. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974 ya kuma farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa a Nijar ta rediyo da talabijin da dandamali, kuma Zinder na cikin manyan cibiyoyinsa, inda sunan ɗan wasa Yazi Dogo ya zama sananne a ko'ina cikin ƙasar. Binciken da Janet Beik ta wallafa a 1987 a kan wannan fanni ya nuna cewa 'yan wasan ba su dogara da rubutaccen zance ba: sukan zauna su tsara ƙashin bayan labarin, su raba matsayi, sannan kowa ya ƙago maganarsa a lokacin da yake fuskantar abokin wasansa. Wanda ya saba fitowa a matsayin alhaji mai rowa ko malamin tsibbu ya san halin mutumin nan ciki da bai, har yana iya amsa kowace magana da aka jefo masa ba tare da ya fita daga halin ba. Idan aka cire 'yan kallo aka ƙara ɗan ludo, abin da ya rage shi ne wasan kwaikwayon tebur.

Wurin zaman ma akwai shi. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da guguwar dimokuraɗiyya da rashin aikin yi suka haɗu a kan matasan Nijar, aka sami abin da ake kira fada, wato majalisar samari da ke zama a wuri sananne a bakin titi ko jikin katanga, da sunanta da shugabanta da ma'ajinta, kuma masu bincike da dama, ciki har da Adeline Masquelier wadda ta wallafa littafi a kan fadojin a 2019, suna danganta farkon wannan al'ada da Zinder. A fada ana dafa shayi sau uku a ƙaramar buta a kan gawayi, ana buga karta, ana sauraron rediyo, ana muhawara har dare ya raba. Babbar matsalar masu wasan tebur a Turai da Amurka, wadda suke kuka da ita kullum, ita ce yadda za a tara mutum biyar masu aiki a wuri ɗaya na awa uku ko huɗu a kowane mako. Wannan matsala ba ta taso ba a inda mutum goma ke haɗuwa kowane dare ba tare da an kira su ba.

Domin a ga bambancin hanyoyin biyu a kusa, ana iya ɗaukar misalin wasan da aka gina a kan tarihin garin kansa, a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka riƙa ƙera igwa a cikin gari, ya kuma mai da Damagaram babbar mahaɗar fatauci tsakanin Borno da Kano da Agadas da Tarabulus. A ce 'yan wasa huɗu ne: ɗaya madugu ne, wato shugaban ayari, ɗaya jagaba mai sanin hanya, ɗaya malami mai rubuta wasiƙu da riƙe lissafi, ɗaya kuma yaron wani attajirin unguwar Zango da aka ba amanar kaya. Jagora ya ce ayarin ya iso rijiya bayan tafiyar kwana uku, sun tarar da wasu mutane masu rawani sun riga su sauka, kuma babbansu ya aiko a ce yana son ganin madugu shi kaɗai. A kan tabarma, abin da zai biyo baya ba ya wuce minti biyar, amma cike yake da abubuwan da ba a furta ba. Mai riƙe da madugu zai yi shiru ya dubi mai riƙe da jagaba, wannan ya girgiza kai kaɗan, mai riƙe da malami ya yi gyaran murya ya ce a bari ya raka shi da sunan tafinta, jagora kuma, da ya ga ɗan wasa na huɗu ya fara duba wayarsa, sai ya ce yaron attajirin ya lura ɗaya daga cikin raƙuman baƙin yana ɗauke da tambarin ubangidansa. Nan take wanda hankalinsa ya fara tafiya ya dawo, domin labarin ya zo ƙofarsa.

Wannan gyara da jagora ya yi cikin daƙiƙa biyu shi ne jarin zaman ido da ido, kuma Hausawa sun riga sun faɗe shi da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Jagora nagari yana karanta gajiya da tsoro da zumuɗi a fuskokin da ke gabansa, yana saurin wucewa inda ya ga an ƙosa, yana dakatawa inda ya ga an ƙagu a ji. Haka nan jefa ɗan ludo a gaban kowa yana da nasa aiki: ana ganin hannun da ya jefa, ana jin ƙararsa, ana yin shiru tare kafin ya tsaya, kuma babu wanda zai ce an yi masa maguɗi. Dariyar da ta tashi lokacin da madugu ya jefa 2 a inda ake buƙatar 12 ta mutum biyar ce a lokaci ɗaya, kuma ita ce abin da za su riƙa tunawa da shi bayan sun manta yadda labarin ya ƙare.

A rubuce kuwa, wannan fage na bakin rijiya zai iya cin mako guda ko fiye. Jagora zai rubuta isowar ayarin da daddare, madugu ya amsa da safe kafin ya tafi aiki, malami ya amsa da la'asar, jagaba kuma wataƙila sai bayan kwana biyu, kuma duk wannan lokaci labarin yana tsaye a inda yake, saboda ba a iya ci gaba sai an ji ta bakin kowa. Fafatawar da ake gamawa cikin rabin awa a kan tebur tana iya ɗaukar makonni, shi ya sa masu wannan hanya sukan kafa doka tun farko cewa kowa zai yi rubutu aƙalla sau ɗaya a yini, sukan kuma rage yawan faɗa su ƙara yawan zance da dabara. Sai dai jinkirin ba asara ba ne gaba ɗaya. Wanda ke da yini guda kafin ya amsa yana iya auna maganar da madugu zai faɗa wa baƙon nan, ya zaɓo karin maganar da ta dace, ya bayyana abin da ke zuciyar tauraronsa wanda a kan tabarma ba shi da hanyar nunawa, har ya koma ya duba abin da aka faɗa wata uku da suka wuce, tun da komai yana nan a ajiye. Mai nauyin baki, wanda a fada masu kaifin harshe ke danne shi, a nan yana da fili daidai da na kowa, kuma sau da yawa shi ne ke fitowa da rubutu mafi kyau. Abin da ake samu a ƙarshe ya fi kama da littafin da mutum biyar suka haɗu suka rubuta fiye da wasa, kuma wannan fanni ne mai daraja a karan kansa, wanda bai kamata a riƙa auna shi a matsayin gurbin zaman tebur kawai ba.

Rauninsa babba shi ne shiru. Sanannen abu ne a wurin masu wannan hanya cewa wasanni da yawa ba sa kaiwa ƙarshe, kuma ba rigima ce ke kashe su ba: mutum ɗaya ne zai daina amsawa, sauran su jira shi, jiran ya sanyaya musu gwiwa, wani ma ya ja baya, har a wayi gari babu wanda ya ce an daina amma an daina. A Zinder, wanda bai zo fada ba kwana biyu za a bi shi gida a ji lafiya, kuma kunyar haɗuwa da abokai a masallaci ko a kasuwar Dole ta isa ta hana shi watsar da abin da aka fara tare. Zumunci a ƙafa yake, kuma wasan da ke buƙatar watanni kafin ya nuna daɗinsa yana rayuwa ne da irin wannan nauyi da mutane ke ji na junansu. Saƙon waya ba ya ɗauke da wannan nauyi, musamman tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, don haka wasan rubutu da ya fi daɗewa shi ne na waɗanda wata alaƙa ta riga ta ɗaure su a waje.

Duk da haka, akwai tambayar da ke juya ma'aunin, ita ce wa ke da ikon zama a kan tabarmar. Fada wurin maza ne a mafi yawan lokaci, kuma matar aure ko budurwa ba ta da hanyar zama a bakin titi har tsakar dare, ko da ita ce ta fi kowa iya labari. Wannan abin takaici ne idan aka tuna cewa tatsuniya, wadda ita ce makarantar farko ta jagorancin labari, a hannun mata take, iyaye da kakanni da yayye. Inda waya ta shiga kuwa an ga abin da ya faru: a fagen ƙagaggun labaran Hausa da ake sakewa shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, mata ne suka fi yawa a marubuta da makaranta, suna rubutu daga cikin ɗakunansu, masu karatu suna mayar da martani kafin shafi na gaba ya fito, har martanin yakan sauya alƙiblar labarin. Tsakanin wannan da wasan kwaikwayo a rubuce taki ɗaya ne kawai, wato a ba kowace mai karatu tauraruwarta. Haka abin yake ga waɗanda neman abinci ya warwatsa, ɗalibin da ke Yamai, kimanin kilomita 900 daga gida, da ɗan cin rani da ke Kano ko Legas, da waɗanda suka haura Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Ga waɗannan duka, zaɓin ba tsakanin tabarma da waya yake ba, domin tabarmar ba ta hannunsu, kuma duk mai fifita zaman ido da ido ya kamata ya faɗi haka yana sane da waɗanda zaman ya bari a waje.

Sai dai rubutu a Damagaram yana da nasa shingen. Manyan da suka iya karatu da rubutun boko a Nijar ba su kai rabi ba, waɗanda suka yi makaranta kuma akasari da Faransanci suka koya, ta yadda mutum zai iya zama gwanin magana da Hausa amma idan ya zo rubuta ta sai ya bi ƙa'idar Faransanci, ya rubuta abin da ɗan Kano zai sha wuya kafin ya gane. Ga tsadar data, ga kuma wutar lantarki, wadda yankin ke samun kaso mai yawa nata daga Najeriya, kamar yadda kowa ya ji a jikinsa lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Abin da jama'a suka yi da waɗannan matsaloli shi ne suka rungumi saƙon murya, wanda a yau shi ne babbar hanyar sadarwa ta waya ga ɗimbin mutane a birni da ƙauye. Saƙon murya yana da jinkirin rubutu, tun da ana sauraronsa a lokacin da aka ga dama, amma yana riƙe da abin da rubutu ke zubarwa, wato sautin tsoro da izgili da girman kai, da damar sauya murya daga ta madugu zuwa ta tsohuwa. Idan wasan kwaikwayo daga nesa zai yi saiwa a wannan yanki, alamu sun fi nuna cewa ta wannan ƙofa zai shigo, kuma zai fito da kamanni dabam da waɗanda aka sani a Turai da Amurka, inda aka gina shi a kan dogon rubutu.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a tsallake shi ba a garin malamai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ta hana wasa da nardi, wato wasan da ake yi da 'ya'yan jefawa irin ɗan ludo, kuma akasarin malaman mazhabar Malikiyya suna ɗaukar hanin da tsanani ko da ba a sa kuɗi ba. Ban da haka, duniyar Dungeons & Dragons cike take da bokaye da gumaka da tsafi, abin da ko a Amurka ya tayar da ƙura a shekarun 1980 daga wasu ƙungiyoyin Kirista, har kamfanin TSR ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Amma ɗan ludo da tsafi ba su ne ginshiƙin wasan ba. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu jefa komai a cikinsa, ana yanke hukunci ne ta hanyar auna ƙarfin taurari da hikimar abin da ɗan wasa ya zaɓa, kuma labarin ayarin da aka kawo a sama bai buƙaci aljani ko ɗaya ba kafin ya riƙe hankali.

Tarihin Damagaram ya isa ya ciyar da irin wannan wasa shekaru, kuma André Salifou, ɗan garin wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa a yau, ya riga ya share hanya da littafinsa na 1971 a kan masarautar a ƙarni na 19 da kuma wasan kwaikwayon da ya rubuta a kan Tanimun. Akwai zuwan matafiyi Heinrich Barth a ƙarshen 1852, da yaƙe-yaƙen Sarki Ahmadu Kuran Daga da Kano, da kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, da karon Tirmini a 1899 wanda ya buɗe wa Faransawa ƙofar birnin, da zargin makirci na 1906 da ya sa aka tuɓe sarki aka kai shi gudun hijira, har zuwa 1926 lokacin da aka ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Zinder aka mai da shi Yamai. Sai dai wannan tarihi ba na matattu kaɗai ba ne. Jikokin sarakuna da na attajirai da na bayi duk suna nan a unguwanni ɗaya, kuma cinikin bayi, wanda wani ɓangare na arzikin masarautar ya dogara da shi, ba abu ne da ake taɓawa da wasa ba tare da an sosa wa wani rai ba.

A nan ne bambancin hanyoyin biyu ya fi nauyi. Maganar da aka faɗa a kan tabarma da bakin tauraro tana da shaidu huɗu da suka san a cikin wasa aka faɗe ta, sun ga fuskar mai faɗin, kuma idan ta yi zafi ana iya tsayawa nan take a ba da haƙuri kafin a zuba shayi na biyu. Irin wannan kariya ce ke bai wa mai wasan kara damar kwaikwayon gwamna a gaban gwamna, domin lokaci da wuri da taron jama'a duk suna shaida cewa wasa ne. Saƙon da aka rubuta ko aka naɗa ba ya tafiya da waɗannan shaidu: ana iya yanke shi daga abin da ya gabace shi, a tura shi ga wanda bai san da wani wasa ba, ya isa fadar sarki ko ofishin 'yan sanda a matsayin maganar wane a kan zuriyar wane. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, wadda ta tanadi hukunci a kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, kuma a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri a kan waɗannan laifuka bayan an cire shi a 2022. Saboda haka jagoran da ke gudanar da wasa daga nesa yana da aikin da takwaransa na fada ba shi da shi: dole ya taƙaita mahalarta ga waɗanda aka sani, ya sauya sunayen gidajen da zuriyarsu ke raye, ya kuma amince da 'yan wasansa tun ranar farko a kan abin da za a iya faɗa da bakin tauraro da abin da za a bari sai an haɗu.